Direban tirela ba ya ganinmu: buɗaɗɗiyar wasiƙa daga masu hawa keke a Zariya

Zuwa ga Kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, reshen Zariya, da jagororin KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, na wannan shiyya, da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu manyan motoci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, ya sa ku gama lafiya.

Ni malamin firamare ne mazaunin Tudun Wada, kuma yau sama da shekara 20 keke ne ƙafata. A kansa nake zuwa aiki, a kansa nake zuwa cefane da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Ina rubuto muku ne da yawun mutanen da ba su da ƙungiya mai rajista, ba su da ofis, ba su da shugaban da za a gayyata taro: ɗaliban da ke fitowa daga cikin birni ta Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da sassafe, da masinjoji da masu gadi da leburorin da ke aiki a Samaru, da manoman fadamar Galma da ke ɗauro alayyafo da tumatir da rake a kariya, da masu yawon tallan yadi, da dattawan da tafiyar ƙasa ta fi ƙarfinsu amma feda ba ta gagare su ba. Majalisarmu ita ce rumfar mai faci, kuma a can aka yanke cewa tunda ni ne mai biro, ni zan rubuta. Da na ce keke kuwa, na ƙafa nake nufi, mai feda da sarƙa. Dole in fayyace, domin yanzu a garin nan in ka ce keke sai hankalin mai sauraro ya tafi kan Napep.

Jana'iza ce ta tayar da wannan magana. Yaro ne da na koyar a aji biyar, bai wuce shekara 14 ba. An aike shi da la'asar, ya hau keken babansa, ya iso wata mahaɗa inda tifa ɗauke da yashi ta tsaya tana jiran hannu. Ya ga ɗan fili tsakanin tifar da bakin kwata, ya kutsa ya tsaya a gefenta na dama, kamar yadda dukkanmu muke yi kullum. Da aka ba da hannu, tifar ta karya kwana zuwa dama. Tayar gaba ta wuce shi lafiya lau, ta baya ce ta same shi. Washegari aka turo keken rumfar mai faci a cikin baro. Tayar gaba ko iska ba ta sace ba, ƙararrawa tana nan tana ƙara in an taɓa ta, amma daga sirdi zuwa baya ya lanƙwashe kamar an take gwangwani. Mai facin, wanda shi ya ɗaura wa keken sabon birki 'yan makonni kafin nan, ya daɗe tsaye yana kallonsa bai ce uffan ba, sannan ya jawo buhu ya rufe shi.

Direban ya yi ta rantsuwa da Allah cewa bai ga yaron ba. Ba zan ɓoye muku ba, a wurin zaman makoki ina cikin waɗanda suka ce ƙarya yake yi. Yaya za a yi mutum yana zaune can sama, ga madubi kamar faifai a kowane gefe, ya ce bai ga yaro da keke ba, da rana ido na ganin ido?

Ina da maƙwabci direban tirela, mai jigilar siminti da taki zuwa Gusau da Sakkwato. Da na kai masa wannan magana bai yi gardama da ni ba, sai ya ce, “Malam, gobe in Allah ya kai mu ka same ni gareji, ka zo da kekenka.” Na je. Ya ce in hau in zauna a kujerarsa in riƙe sitiyari. Ya sa yaron motarsa ya tura kekena ya tsaya daidai ƙofar dama, kamar taku biyu daga jikin motar, ya ce, “To Malam, ina yaron nan?” Na duba madubi, na duba taga, na miƙa wuya. Wallahi babu shi, babu keken. Ya ce wa yaron ya dawo gaban motar, dab da bamba. Nan ma ko hularsa ban hango ba. Ya kira wasu samari uku da ke wankin mota, suka jeru a gefen dama tare da yaron, mutum huɗu da keke, motar ta haɗiye su gaba ɗaya. Sai da yaron ya ja baya sosai sannan ya faɗo cikin madubi, ɗan mitsitsi kamar ƙuda. Na sauko jikina a sanyaye. Shekara 20 ina tsayawa a wannan gurbi ina zaton direba yana kallona, ashe Allah ne kaɗai ke tsare ni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in an yi wa mutum bayani. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune. Mai keke kuwa doka da hankali duk sun tura shi bakin titi na dama, wato gefen da ya fi nisa da idon direba. Maƙwabcin nawa ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya zana mini sauran a ƙasa. Doguwar mota in za ta karya dama, sai ta fara buɗewa hagu don ta sami filin juyawa. Mai keken da ke biye da ita sai ya ga hanya ta buɗe, ya ɗauka hagu direba zai yi, ya danna cikin gurbin, gurbin kuma ya rufe da shi a ciki. Sannan tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki, saboda haka wanda kan mota ya tsallake bodi na iya share shi. Tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma akwai wawakeken fili a buɗe, babu abin da zai tare mutum in ya faɗi, sai dai ya gangara ƙarƙashi. Ku haɗa wannan da nauyi. Tirela mai buhu 600 na siminti tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Tankar mai ta yau da kullum lita 33,000 take ci. Motar da ke gudun kilomita 45 a awa tana cinye fiye da mita 12 cikin daƙiƙa ɗaya, tun ƙafar direba ba ta kai kan birki ba. Ga kuma iskar da take kwasowa in ta gifta ka da gudu, ta ture ka waje sannan ta zuƙo ka ciki, musamman in ka ɗauro kaya mai faɗi.

Duk wannan ilimi, ranku ya daɗe, a gareji na same shi, da furfura a gemuna, bayan an binne ɗalibina. Kukanmu na farko ke nan, kuma shi ne mafi girma.

Ba mu raina ƙoƙarin da ake yi ba. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988 ake faɗakarwa, kuma duk shekara in watannin ƙarshe suka kama, daga Satumba zuwa Disamba, ana shiga tashoshin mota da lasifika ana gargaɗi kan gudu, da lodi fiye da kima, da tsohuwar taya, da ɗaura bel, da amsa waya ana tuƙi. Duk gaskiya ne. Amma wa'azin na mai sitiyari ne, kuma a tasha ake yinsa. Mai keke ba ya zuwa tasha. Ba ya yankar lasisi, ba ya shiga makarantar koyon tuƙi, babu ranar da wani zai zaunar da shi ya karanta masa dokar hanya. Yaro a lungu yake koyon keke, a hannun yayansa, yana zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don bai kai sirdi ba. Ranar da ya daina faɗuwa ranar ya sauke karatu, washegari sai titi. Ɗan gargaɗin da ake rubutawa a bayan wasu tireloli da tankoki kuwa da Turanci yake, alhali mai ɗauro rake daga fadama Hausa yake karantawa, wani ma sai da ajami. Shi ma direban, iya abin da ubangidansa ya koya masa lokacin yana yaron mota shi ya sani. In ubangidan bai taɓa ce masa ya nemi mai keke kafin ya karya kwana ba, ba zai nema ba.

Kuma yawanmu ƙaruwa yake yi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta kai 1,000. Magidanta da yawa sun jingine babur, sun kakkaɓe tsohon Raleigh ko Phoenix da ke rataye a zaure, wasu kuma sun saya wa 'ya'yansu keke don kuɗin Napep na zuwa makaranta ya gagara. Ku tambayi kowane mai faci daga Gyallesu zuwa Muciya zai gaya muku aiki ya ƙaru. Wato titin ya cika da sababbin mahaya da waɗanda suka daɗe ba su hau ba, daidai lokacin da ba wanda ke yi musu magana.

Kuka na biyu na titin ne kansa. Zariya mahaɗa ce tun fil azal. Kayan da ke tashi daga kudu zuwa Kano ta nan suke bi, na Funtuwa da Gusau da Sakkwato ta nan, na Jos ta Dakace da Soba da Pambeguwa ta nan. A da jirgin ƙasa ne ke ɗauke mafi nauyin kayan, ga layin Kano ga na Ƙaura Namoda, amma yau kusan duka ya dawo kan kwalta. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙarƙashin gadar Kwangila a kan keke da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san abin da nake nufi: tirela na saukowa za ta kama hanyar Sakkwato, bas na lodi a bakin hanya, 'yan acaɓa da Napep na rige-rigen fasinja, masu talla na bin tagogi, kai kuma kana tsakiya da litattafan ɗalibai a kariya. Daga nan hanyar ta bi ta Hanwa da Palladan, ta gaban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ta ƙofofin Jami'ar Ahmadu Bello da kasuwar Samaru, har Shika inda asibitin koyarwa yake. Wato hanya ɗaya ce ke ɗaukar tankar da za ta Sakkwato da yarinyar da za ta makarantar sakandare da mai kai wa majinyaci abinci.

An gyara tituna da dama a garin nan cikin 'yan shekarun baya, an yi gadar sama a Ƙofar Doka, an faɗaɗa wasu hanyoyi. Mun gani, mun gode. Sai dai titi in ya yi faɗi ya yi sumul gudu ne ke ƙaruwa, kuma a duk faɗin nan ba a ja mana layi ko na taku uku ba. Ɗan gefen da muke raɓawa ma ba namu ba ne. Nan yashi ke taruwa bayan ruwan sama, nan ake zubar da shara da fasassun kwalabe, nan mai tebur ke baje kaya, nan Napep ke tsayawa ba sigina, nan kwata take a buɗe ba murfi. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya tare mai keke, ba shi da zaɓi sai ya karkata hagu, cikin sawun babbar mota. A kan gadar Kubanni, tsakanin Tudun Wada da PZ, in babbar mota ta biyo ka sai dai ka ƙanƙame kan keke ka yi ta salati har ku rabu.

Na uku, motocin da ake ajiyewa ko suke lalacewa a bakin hanya da dare. Wannan ya taɓa ni a jikina. Wani dare cikin hunturu, bayan isha'i, hazo ya rufe gari, ina dawowa daga duba wani ɗan'uwa. Wata tirela ta mace a gefen hanya, babu danja, babu ƙyalle mai ɗaukar haske, sai 'yan rassan bishiya da aka jera a baya, su ma iska ta watsar da su. Ban gan ta ba sai da ta rage mini taku kaɗan. Na kauce hagu, wata bas ta taho ta goge ni, na faɗi a kan hannuna. Wata biyu na yi da ɗauri, ban iya riƙe alli ba. Na yi sa'a ƙwarai, don da tirela ce a maimakon bas ɗin nan da wani ne zai rubuta muku wannan takarda. Ganye ba alama ba ce da dare, kuma kafaɗar titi ba gareji ba ce. A wajajen Ɗan Magaji da Kwangila da Dogarawa manyan motoci kan kwana a jere, su cinye gefen hanya gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan ci mini rai: ba a ƙirga mu. In mai keke ya rasu a titi, kafin magariba an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar. Direba sau da yawa ya tsere don tsoron kada jama'a su far masa. Iyaye su ce ƙaddara ce, sun yafe. Mai motar ya aiko da buhun shinkafa wurin makoki, shi ke nan magana ta mutu. Babu takarda, babu lamba, babu wanda ya rubuta a wace kwana abin ya faru da kuma ƙarfe nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nawa ne rabon Zariya a ciki? Mu dai da bakinmu muke lissafin namu a rumfa, wane a kwana kaza, ɗan wane a mahaɗa kaza. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma ba na zargin uban da ya yafe. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara. Yafewar iyaye ba ta sauke wa hukuma nauyin gano abin da ya sa kwana ɗaya take cin mutane ba.

Ba zan zo gabanku in wanke mu tas ba. Muna da namu laifin, kuma mai yawa ne. A cikinmu akwai mai hawa keke ba birki, sai ya sa silifas a taya in zai tsaya. Mafi yawanmu ba mu da fitila, ga shi muna tafe cikin duhu da baƙaƙen kaya. Muna bin hannun da ba namu ba don guje wa zagaye. Samari na toshe kunne da waya suna jin waƙa. Yara na kama bayan tirela ko tifa ta ja su a hawa, suna dariya, ba su san in ta taka birki ko ta faɗa rami sun tafi ba. Akwai mai ɗauro katako ko kara a gicciye, faɗinsa ya fi na Napep. In kuma tsautsayi ya faɗa, wasu kan ɗauki doka a hannu su ce za su ƙona mota, abin da ke sa direba gudu a lokacin da ya kamata ya tsaya a kai mutum asibiti. Duk na yarda. Amma ku lura, rabin waɗannan laifuffuka jahilci ne, jahilci kuwa da koyarwa ake maganinsa. Kuskuren mai keke kansa yake ci, kuskuren direban tirela wani yake ci.

To ga abin da muke roƙo.

Yallaɓai Kwamanda, abin da maƙwabcina ya yi mini a gareji shi muke so a yi wa 'ya'yanmu. A sami tirela ko tifa guda, a kai ta filin makaranta, a zana da farar ƙasa duk inda direba ba ya gani, a hau da yara ɗaya bayan ɗaya su zauna a kujerar direba, abokansu su tsaya a ƙasa da kekuna. Minti biyu ya ishi kowane yaro, kuma har ya tsufa ba zai manta ba, gani ya kori ji. Ba sabon abu ba ne, 'yan sandan Landan sun daɗe suna yin irinsa da masu keke. A yi a makarantun sakandare da Islamiyyu da tsangayu, a yi a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada da ta Samaru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, amma ba sai mun jira Yuni ba. Saƙon da za a kai gajere ne, da Hausa, boko da ajami: kada ka tsaya a gefen dama na babbar mota a mahaɗa, kada ka shiga gurbin da ta buɗe in za ta juya, in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba to shi ma bai gan ka ba. A sa a gidajen rediyon garin nan da safe da bayan magariba. A roƙi fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamaninsa, ta isar da shi ga hakimai da masu unguwanni da limaman Juma'a, a kuma kai shi majami'un Sabon Gari da Wusasa. Dattawanmu har yau suna ba da labarin yadda aka yi ta shela lokacin canjin hannu har saƙo ya kai ƙauyuka, a zamanin da babu waya a aljihun kowa. Abin da aka iya a 1972 ba zai gagara yau ba.

Iyayenmu na ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motocin sufuri ta NARTO, da ƙungiyar direbobin tanka, da masu tifofin yashi, roƙonmu gare ku ya fi sauƙi, don wani ɓangarensa ko kwabo ba zai ci ba. Kusan kowace babbar mota a ƙasar nan tana da yaron mota a zaune a kujerar dama, daidai gefen da direba ba ya gani. Ku mayar da shi doka a tsakaninku: da an shigo gari yaron mota ba ya barci, ba ya danna waya, kuma ba a karya kwana sai ya leƙa ƙasa ta taga ya ce a tafi. A kunna sigina tun da nisa, a kuma tabbatar tana aiki. A ƙara madubin da ke kallon ƙasa a saman ƙofar dama da wanda ke kallon gaban bamba, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin taya ɗaya ba. A sa shingen ƙarfe a gefen bodi tsakanin tayoyi, yadda in mutum ya faɗi zai ture shi waje. Birnin Landan ya wajabta irin wannan shinge da ƙarin madubai a kan manyan motoci tun 2015, kuma babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin masu waldan Zariya. Motar da ta lalace kuma a sa mata alama mai ɗaukar haske gaba da baya, a janye ta da wuri.

Ga KASTLEA da ƙananan hukumominmu biyu, muna roƙon a share mana gefen titi, a kwashe yashi, a rufe kwatoci, a samar wa manyan motoci wurin kwana a bayan gari don su sauka daga kafaɗar hanya. A hana tifofi ratsa cikin unguwanni a lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi. A gaban makarantu da kasuwanni, musamman daga ƙofofin jami'a zuwa kasuwar Samaru, a sauke gudu zuwa kilomita 30 a awa, wanda shi ne abin da masana lafiyar hanya na duniya suke ba da shawara a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Inda titi ke da faɗi a ja mana layi, ko da fenti ne a fara da shi, a kuma tsare shi kada ya zama tashar Napep. Duk sabon titin da za a zana nan gaba, a tambayi mai zanen ina mai keke zai bi.

Batun ƙirga kuwa, abin kunya ne a ce ya gagari Zariya. Cibiyar koyar da ilimin sufuri ta ƙasa, NITT, a hanyar Basawa take tun 1986. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen tsara birane da na injiniyan gine-gine da hanyoyi, cike da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. A tura su su tsaya a Kwangila da PZ da Agoro da Ƙofar Doka su ƙirga kekuna nawa ke wucewa da kuma wane lokaci. A buɗe rajistar da za a riƙa rubuta haɗarin mai keke daban, da wurin da lokacin da irin motar, ko da iyaye sun yafe. A kuma yawaita sanar da jama'a lambar gaggawa ta 122, don da yawanmu ba su san da ita ba.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada wannan takarda ta zama sanadin ƙaƙaba wa masu keke haraji, ko lamba, ko kamu a kan hanya. Wanda ya koma keke talauci ne ya kai shi, in aka ce sai ya biya tara saboda fitila to abincin gidansa aka taɓa. A fara da ba shi ƙyalle mai ɗaukar haske ya liƙa a madigadi da feda. A ajiye su a rumfunan masu faci, don babu mai keken da ba ya zuwa can, kuma masu facin da na yi magana da su sun ce za su liƙa kyauta, su duba birki a kan hanya. In an koyar an kuma ba da lokaci, wanda ya ƙi ji sai a hukunta shi, ba za mu ce komai ba.

A namu ɓangaren ba mu zauna jira ba. Maƙwabcina ya yi alkawarin kawo tirelarsa duk Asabar ɗin da ba ya kan hanya, man ma shi zai zuba. Malamai abokan aikina sun ce za su tara yara su kawo farar ƙasa. Abin da ya rage mana shi ne izini, da jami'i ko da guda ɗaya cikin kaki da zai tsaya tare da mu, don maganarsa ta fi tamu nauyi a kunnen yara da direbobi. Mahaifin yaron nan da na ba ku labari ya ce duk ranar da aka sa a gaya masa, zai zo, kuma zai karɓo keken daga rumfar mai faci ya ajiye shi a gefen motar yadda yake.

Muna sauraron amsarku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare mai hawa keke,
a madadin masu keke na Zariya da Sabon Gari,
Tudun Wada, Zariya.